Gwaggo, Mai Tambayar Dutse Shekarunsa

Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Mai kowa mai komai ya karɓi abinsa. Ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji biyu zane, sai na hangi sakataren sashenmu a bakin ƙofa. Bai yi sallama ba, bai kuma shigo ba. Ya riƙe wayarsa da hannu biyu kamar za ta suɓuce masa. Na ajiye alli na fita. Ya ce, "Dakta, Gwaggo ta cika." Ban tambaye shi wace Gwaggo ba. A ginin nan namu, daga shugaban sashe har mai shara, Gwaggo ɗaya gare mu. Aron ki aka ba mu, mai abu ya aiko, mu ma kuma muna tafe.

Saboda wanda bai san ki ba nake wannan bayani, Gwaggo, don na san da kina nan da kin ce in taƙaita. Farfesa ce ke a ilimin duwatsu, kin shafe kusan shekara arba'in kina koyarwa a jami'ar da nake aiki yanzu. Aikinki shi ne ki tsaya gaban dutsen da ya kwanta shimfiɗa kan shimfiɗa, ki gano wacce ta riga wacce, sannan ki faɗi shekarun kowacce. Ni ɗalibarki ce tun daga ajin farko har digiri na uku, daga baya na zama abokiyar aikinki, ko da yake har kika bar duniya ban taɓa iya zama a kujera ba in kina tsaye.

Sunan Gwaggo ma a bakin aiki kika samo shi. Waɗanda suka riga mu sun ba mu labari cewa a wata fita daji, kina sabuwar malama, wani ɗalibi ƙato ya zame daga kan gangare, yana gangarowa yana ihu, "Wayyo Gwaggo!" Ke kuma kina ƙasa kika amsa, "Na'am, ga ni nan, ƙaraso." Aka yi ta dariya har da shi mai faɗuwar. Tun daga ranar sunan ya bi ki. In wani baƙo ya ce miki Farfesa, sai ki waiga baya kamar kina neman wadda ake kira.

Darasinmu na farko da ke ba a aji aka yi shi ba. Kin kwashe mu a tsohuwar motar sashe zuwa inda masu yin titi suka yanke wani tudu biyu. Bangon dutsen ya fito fili, ja a ƙasa, fari a tsakiya, ruwan toka a sama. Kika nuna da ƙotar gudumarki kika ce, "Wanne ne babba a cikinsu?" Wani daga baya ya ce na sama, tunda shi ya hau kan kowa. Kika dube shi kika ce, "Ɗana, a ɗakinka me ake fara ɗorawa a kan gado, katifa ko zanin gado?" Ya ce katifa. Kika ce, "To haka ƙasa take yin nata gyaran gadon. Ruwa ya kawo yashi ya kwantar, ya dawo ya kwantar da laka a kai. Na ƙasa ya ga zuwan na sama." Muka koma gida muna jin mun gama ilimin duwatsu a yini ɗaya.

Mako na zagayowa kika kai mu wani kwazazzabo, kika sake yin tambayar. Muka haɗa baki muka ce na ƙasa. Kika fito da kwalba daga jakarki, kika zuba tsakuwa da yashi da laka, kika cika ta da ruwa, kika girgiza, kika ajiye a kan dutse. Muna kallo tsakuwa ta fara zama, yashi ya bi ta, laka ta zo ƙarshe. Sannan kika ce kowa ya matsa ya duba shimfiɗa ɗaya a bangon kwazazzabon da kyau. Sai ga shi manyan ƙwayoyin ne a sama, masu laushin a ƙasa. Ashe tun wani zamani ƙasa ta murɗe ta kife da wurin gaba ɗaya. Kika ce, "Dutse ba ya ƙarya, amma yakan kwanta rub da ciki. Kafin ku tambaye shi shekarunsa, ku duba tukuna a zaune yake ko a kife." Ranar muka koma motar shiru, kowa jikinsa a sanyaye, ke kaɗai ke waƙe-waƙenki a kujerar gaba.

Kina da wata ɗabi'a da ke ba baƙi mamaki. In kika ɓantari dutse, sai ki lasa, wani lokacin ki ɗan gutsura ki murza tsakanin haƙoranki. Kin koya mana cewa in ya yi gurus-gurus to da sauran yashi a ciki, in ya narke sumul to laka ce zalla. Abin dariyar shi ne maigidanki likitan haƙori ne. Duk sanda muka je gidanku sai ya kawo mana ƙararki. Yakan ce, "Ku duba min wannan al'amari, 'ya'yana. Na ƙare rayuwata ina hana mutane fasa ƙashi da haƙori, ga tawa matar a gida tana tauna dutse." Ke kuma ki ce, "Ai shi ya sa na aure ka, Likita. Mai mota ba ya nisa da bakanike." Shekara da shekaru kuna wannan muhawarar, ba wanda ya ci wani.

Akwai alherin da kika yi mini wanda ban taɓa samun bakin gode miki yadda ya kamata ba. Ina tsakiyar digiri na biyu na haifi 'yata ta fari. Maigidana yana aiki a wani gari, mahaifiyata ba ta da lafiya, ba ni da mai riƙe mini jaririya. Na zo ofishinki da niyyar in ce na ajiye karatun. Ban kai ga ƙarasa maganar ba kika tashi, kika jawo ɗaya daga cikin manyan aljihunan katako da ake jera samfurin duwatsu a ciki, kika juye abin da ke ciki a kan tebur, kika goge shi tas, kika ninke mayafinki kika shimfiɗa. Kika ce, "Kawo ta nan. Duwatsun nan sun yi shekara miliyan saba'in suna jira, ba za su ƙi ƙara wata shida ba." A cikin aljihun nan 'yata ta yi barcinta na rana har ta fara zama. In ta yi kuka ina ɗakin gwaji, sai in jiyo ki kina zagaye da ita a baranda kina ba ta labarin yadda teku ya taɓa rufe wurin da muke tsaye. Yau ita ma tana ajin ƙarshe a jami'a. Da na gaya mata rasuwarki, ta yi kukan da ban ga ta yi ba tun tana ƙarama.

Ɗalibai sukan zo da nauyi a zuciya game da waɗannan miliyoyin shekaru. Na tuna wani natsattsen yaro da ya tsaya bayan darasi ya ce miki yana tsoron kada wannan lissafi ya taɓa masa imani. Ba ki yi masa dariya ba, ba ki kuma yi masa wa'azi ba. Kika ce, "Ɗana, wanda ya halicci lokaci ba ya ƙarancinsa. Ni duk sanda na ƙirga shekarun dutse, ƙanƙantata nake gani, ba girmana ba. Je ka yi sallarka, ka dawo mu ci gaba." Yanzu shi ne ke jagorantar masu binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a wata hukuma, kuma shi ya fara isowa gidanku ranar rasuwar.

Amma abin da nake so a rubuta a ajiye, don waɗanda za su zo bayanmu su san wace ce ke, shi ne labarin madatsar ruwa.

Lokacin ina sabuwar malama. Hukuma ta fara gina madatsa a wani kwari tsakanin tuddai biyu, domin garuruwan da ke ƙasan kwarin, waɗanda suka daɗe suna fama da rashin ruwa. In rani ya yi nisa, matansu a busasshen kogi suke yini suna tonon yashi. Ana cikin haƙa harsashi sai ma'aikata suka ci karo da wata doguwar tsaga a cikin dutsen. Shimfiɗun gefe ɗaya sun zame ƙasa da na ɗaya gefen da kusan tsayin mutum. Wannan alama ce ƙasa ta taɓa motsawa a wurin. Tambayar da ta tsaya wa kowa a wuya ita ce, yaushe? In a 'yan dubban shekarun nan ne, to tsagar tana da rai, tana iya sake motsawa, bangon ya tsage, ruwan ya sauka a kan mutanen da aka gina shi dominsu. In kuwa ta yi miliyoyin shekaru ba ta motsa ba, ana iya ci gaba da gini. Babban injiniyan aikin ya zo da kansa ya roƙe ki ki duba. Kika ce in ɗauko takalmin dajina.

A hanya kika yi mini bitar dabarar. Kika ce almakashi ba ya yanka yadin da ba a saƙa ba, don haka duk shimfiɗar da tsagar ta ratsa ta girmi motsin. Abin nema shi ne shimfiɗar da ta kwanta a kan tsagar ba ta karye ba. Wannan bayan motsin ƙarshe ta zo. In mun san shekarunta, mun san aƙalla tsawon lokacin da tsagar ta yi tana kwance.

Mun yi makonni muna bin bangon kwarin, rana na dukanmu, ƙaya na yagar mana tufafi. Daga ƙarshe muka same ta, wata siririyar shimfiɗa fara-fara, kaurinta bai wuce yatsu huɗu ba, ta gitta kan tsagar kamar katako a kan kwata. Kika murza ta a yatsa, kika duba da ɗan gilashin da ke rataye a wuyanki, sai na ga fuskarki ta washe. Toka ce, ta dutse mai aman wuta. A aikinmu samun irin wannan tokar kamar tsintar dami ne a kala. Dutsen yashi ba ya faɗin shekarunsa kai tsaye, domin ƙwayoyinsa daga wasu tsofaffin duwatsu aka kwaso su, kamar sabon gidan da aka gina da tubalin tsohon kango. Ita kuwa toka tana zuwa da 'ya'yanta, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ake kira zirkon, waɗanda ake haifa gab da aman wutar. Kowace ƙwaya tana rufe ɗan sinadarin yuraniyom a cikinta, shi kuma yana rikiɗa ya zama dalma sannu a hankali, da saurin da ba ya canzawa ko ana rani ko ana damina. Yadda kike kwatanta wa 'yan aji shi ne tulu mai ɗigo da kwano a ƙarƙashinsa. In ka san saurin ɗigon, ka auna abin da ya rage a tulu da abin da ya taru a kwano, ka san tun yaushe aka cika shi.

A lokacin ba mu da na'urar wannan awo, ko ta ware ƙwayoyin ma ba mu da ita. Muka ɗaure tokar a buhu muka aika wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. Bayan 'yan watanni amsa ta dawo, shekara sama da miliyan ɗari biyar. Babban injiniya ya iso ofishinki bakinsa har kunne, direbansa na biye da kiret ɗin lemo. Ya ce, "Gwaggo, Allah ya yanke mana wahala. Sa hannu kawai ya rage, gobe in tayar da injuna."

Kina zaune da hotunan ƙwayoyin da aka haɗo da sakamakon. Kika ɗago kika ce, "Injiniya, zauna. Ba zan sa hannu ba."

Ya ɗauka wasa ne. Kika tura masa wani guntun dutse da muka ɓantaro daga shimfiɗar da ke ƙarƙashin tokar, cike da ƙananan katantanwa da suka sandare suka zama dutse. Kika gaya masa cewa kowane zamani da irin halittunsa, kuma masana sun daɗe da jera wanne ya zo bayan wanne. Irin wannan katantanwar ba ta bayyana a duniya ba sai a 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan. Tana ƙarƙashin tokar, wurin kuma ba a kife yake ba, mun duba. Kika ce, "Yaya za a yi abin da ke sama ya girmi na ƙasa da shekara miliyan ɗari biyar? Jika ba ya girmar kakarsa."

Ya ce, "Amma Gwaggo, na'ura ce fa ta faɗa."

Kika ce, "Na'ura ba ta yi ƙarya ba. Shekarun abin da aka ba ta ta faɗa. Dubi ƙwayoyin nan, duk sun goge sun yi mulmul kamar tsakuwar kogi. Ba 'ya'yan tokar nan ba ne, baƙi ne. Ruwa ya kwaso su daga wani tsohon dutse ya cakuɗa su da ita. Har yanzu ba mu san shekarun tokar ba."

Mutumin nan ba mugu ba ne. Damina na ƙaratowa, ma'aikata na zaune, manyansa na kiran waya safe da yamma. Ya roƙe ki, ya yi fushi, ya sake roƙo. Ya ce ko da lambar ta ragu ai za ta isa. Kika ce mai yiwuwa ne, amma "mai yiwuwa" ba ta riƙe ruwa. Ya tashi ya fita, ya bar lemon a bakin ƙofa.

Aiki ya tsaya. Aka sallami leburori. Magana ta bazu a garuruwan cewa wata mata a jami'a ce ta hana su ruwa. Har a rediyo an yi ta, wasu suna cewa neman suna kike yi. Wasu abokan aikinmu ma sun riƙa ba ki shawara a ɓoye ki sassauta. Na ga kin rame a watannin nan, amma ban ji kin zagi kowa ba.

Wata safiya sai ga mata cike da mota daga garuruwan, suka tsaya a harabar sashenmu. Masu gadi suka so su hana su, kika sauko da kanki kika shigo da su ɗakin taro, kika sa aka kawo musu ruwan sanyi. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai kaifin ido. Ta ƙi taɓa kofin. Ta ce, "Baiwar Allah, ke ma mace ce. Kin san nauyin ruwa a ka. Me muka yi miki?"

Kika jawo kujera kika zauna gab da ita. Kika ɗauki littattafai biyu kika haɗa gefensu, kika ɗora kofin ruwa a kan mahaɗar, sannan kika ɗan zame ɗaya. Kofin ya karkata, ruwan ya zube a tebur ya gangara cinyarki. Kika ce, "Yaya, abin da nake tsoro ke nan. Bangon nan a saman ɗakunan jikokinki zai zauna. Ban ce zai faɗi ba. Na ce ban sani ba tukuna, kuma ba zan ce na sani ba alhali ban sani ba. Ki ba ni lokaci."

Dattijuwar ta dubi ruwan da ke ɗiga ƙasa. Can ta ce, "To in dutsen ya ce a'a fa?"

Kika ce, "Sai in zo da ƙafata in gaya miki, ba aike ba. Sannan mu nemi wani wurin tare."

Sai a lokacin ta ɗauki kofinta ta sha.

Muka koma kwarin. Kin haura hamsin da biyar a lokacin, gwiwarki ta dama tana damun ki, in za ki hau gangare sai kin dafa kafaɗata. Inda muka fara ɗibar tokar tsohuwar hanyar ruwa ce, shi ya sa ta gauraya. Kika ce mu nemi inda tokar ta sauko daga sama ta kwanta a ruwa mai natsuwa, ba abin da ya dame ta. Muka bi tsagar can sama da inda ake aikin, har muka sake cin karo da farar shimfiɗar, wannan karon a tsakanin laka mai laushi ta wani tsohon tafki. Nan ma ta gitta kan tsagar ba ta karye ba. Ba ki yarda mu aika da buhu ba. Da turmin ƙarfe muka daka ta a ɗakin gwaji, muka tankaɗe, muka rairaye a faranti kamar masu neman zinariya, sannan kika zauna gaban madubin ƙara girma kina tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. Waɗannan dogaye ne masu kaifin gefe, ba abin da ya taɓa gogar su. Kika kira ni in leƙa, kika ce, "Ga 'yan gida."

Amsa ta biyu ta ce shekara miliyan uku da 'yan kai. Ta yi daidai da katantanwar, ta yi daidai da jerin shimfiɗun. Tsagar ta yi aƙalla wannan tsawon lokaci ba ta motsa ba. Kika sa hannu, tare da shawarar a ɗan matsar da bangon daga kan tsagar, a kuma cika ta da siminti don kada ruwa ya riƙa sulalewa ta ciki. Aka bi shawararki, aka gina madatsar.

Ranar buɗewa ba ki je ba, kin ce kina da darasi. Bayan hayaniya ta lafa kika ce in raka ki. Muka yi ta tambaya har muka sami gidan dattijuwar nan. Ga famfo a tsakar gida, ga bokitai a jere. Tana ganin ki sai ta kama hannunki ta ja ki har bakin famfon ta murɗa. Kika durƙusa da wannan gwiwar taki mai ciwo, kika tara hannu kika sha. Ta ce, "Kin cika alkawari, ƙanwata." Kika ce, "Ai dutsen ne ya ce e. Ni saƙo na kawo." Ranar jana'izarki na ga babban injiniyan nan, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce da ni, "Na yi wata uku ba na gaishe ta. Amma tun da aka cika madatsar nan, duk daminar da ruwa ya yi yawa, saboda ita nake iya runtsawa."

Wannan wahalar ce ta sa kika ɗaura ɗamarar sai sashenmu ya mallaki na'urarsa. Kin yi shekaru kina hawa benaye kina sauka, kina bin ofis-ofis, ana yi miki alkawari ana mantawa. Na'urar ba ta iso ba sai bayan kin yi ritaya, idanunki kuma sun fara dushewa. Ranar gwajin farko muka aika mota ta ɗauko ki. Kika zauna a gefe, hannunki a jikin ƙarfen kina jin kukanta. Da lamba ta fito na karanta miki cikin zumuɗi. Ba ki yi murna ba tukuna. Kika ce, "Ƙari ko ragin nawa?" Domin kin sha gaya mana cewa kowane awo yana da iyakar kuskurensa, kuma lambar da aka faɗa ba tare da wannan iyakar ba tsegumi ce. Na karanta miki. Sai kika yi murmushi kika ce, "To, yanzu 'ya'yanmu sun daina aika tambaya ƙetare su zauna jiran amsa." Yau ɗalibai daga wasu jami'o'in ma wurinmu suke kawo samfurinsu.

Ganina da ke na ƙarshe a asibiti ne, kwanaki kaɗan kafin rasuwar. Jiki ya yi rauni, amma hankalinki garau. Maigidanki Likita yana zaune a gefen gado yana ɓare miki lemo kina cewa ya cika fere ɓawon da kauri. Kika tambaye ni sababbin ɗalibai, na ce bana matan sun fi mazan yawa a ajin farko. Kika ce in sake faɗa, na sake. Kin yi shekaru ke kaɗai ce mace a duk taron da kika shiga. Sannan kika kama hannuna kika ce, "Na ji kuna shirin rufe ofishina ku manna sunana a ƙofa. Kada ku soma. Yarinyar nan da aka ɗauka aiki bara har yanzu a kan benci take duba takardun jarrabawa. Ku ba ta makullin." Mun ba ta, Gwaggo. Ta buɗe tagogin, ɗalibai sun fara yin layi a barandar kamar dā.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Likita, abokin zamanki na shekara arba'in da ɗoriya. Baba, mun san gidan ya yi maka faɗi. Ka sani kana da 'ya'ya a kowane lungu na ƙasar nan da ake haƙa rijiya ko ake fasa dutse, kuma ba za mu ɗauke ƙafa ba. Ina yi wa babban ɗanki da ƙanwarsa ta'aziyya, su da suka haƙura suka raba uwa da ɗaruruwanmu ba su taɓa nuna mana a fuska ba. Ina yi wa jikokinki, da yayanki da ya yi saura shi kaɗai a ɗakinku, da ma'aikatan sashenmu, da direban da ya yi shekaru yana kai ki inda mota ba ta son zuwa, da dukan ɗalibanki na kusa da na nesa ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu riƙe abin da ta bar mana da hannu biyu.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yi mata rahama, ka yalwata makwancinta ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ta koyar ya riƙa isa gare ta, ka sa duk kurɓin ruwan da aka sha a garuruwan nan ya zame mata sanyi a inda take. Ta ƙi ta yi shaidar abin da ba ta sani ba a ranar da kowa ke roƙon ta yi, ka tabbatar da harshenta a ranar da za a tambaye ta. Ka haɗa ta da iyayenta a gidan aminci, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da kyau da imani.

Sai mun zo, Gwaggo. Allah ya jiƙan ki.